Ya Fi Wa? Sharhi Kan Ma'ana da Nahawun “Superlative”

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tagar ajin firamare a Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Sanyinna, ko can Kebbe da Kuchi, ya san karatun nan na haɗa baki: malam ya ja, yara su amsa, “good, better, best, bad, worse, worst, tall, taller, tallest.” Ana rera shi har ya zauna daram a ka. Amma bari yaran nan su kai aji shida na sakandare, a ba su takarda a ce su gwada garuruwa uku, sai ka tarar da “the most biggest town”, da “he is tall than me”, da “one of the best student”. Haddar tana nan ba ta zube ba, aiki da ita ne ya faskara. Abin kuwa ba na wasa ba ne, domin wanda bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya cinye sauran darussan.

Ni a ganina ba basirar yaran ce ta gaza ba. An ba su jerin kalmomi su haddace, ba a gaya musu wace tambaya kalmomin ke amsawa ba, alhali tambayar suna yin ta kullum a gida da gona da kasuwa: wa ya fi wa? Yaron da ya tashi a wannan yanki ya iya wannan babi da Hausa tun bai shiga makaranta ba, wani ya iya shi da Fulatanci, wanda ya yi nisa a makarantar ilimi kuma ya gamu da shi a Larabci. Turanci ne na uku ko na huɗu da ya zo masa da shi.

Kalmar “superlative” kanta ba 'yar asalin Ingila ba ce. Daga Latin take, ta ratso ta Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14. “Super” na nufin bisa, “latus” kuma abin da aka ɗauka. In an haɗa, abin da aka ɗauka aka ɗora bisa saura ke nan. Wajen furtawa, a gaɓa ta biyu Turawa ke danna murya, wato wadda ke bin “su”, ba a kan “la” ba kamar yadda ake yawan ji a bakinmu.

Aiki uku take yi a Turancin yau, ɗalibai kuwa guda suka sani, wato na aji, inda take zama sunan wata siga ta sifa ko bayanau, irin su “tallest” da “most carefully”. Amma in ka karanta a jarida an ce ɗan wasa ya yi “a superlative performance”, an bar zancen nahawu, ana nufin wasansa ya kai maƙura wajen kyau. A nan ita kanta sifa ce. In kuma ta zo da jam'i, “superlatives”, yawanci kalmomin kambamawa ake nufi. Mai sharhin ƙwallo zai ce sun ƙare masa, wato ya rasa bakin yabo. In aka ce wane da “superlatives” yake magana, akwai zargi a ciki: mutum ne mai zuzutawa, komai a wurinsa ko ya fi komai kyau ko ya fi komai muni.

Tsarin matakai uku da ake koyarwa ya girmi Turancin kansa. Malaman nahawun Latin ne suka shimfiɗa shi, littafin Aelius Donatus kuma, wanda ya koyar a birnin Rum a ƙarni na 4, ya yaɗa shi a makarantun Turai ƙarni bayan ƙarni. Mataki na farko sifa ce a zaune, ba a gwada ta da kowa ba. Na biyu, “comparative”, gwaji ne tsakanin abu biyu. Na uku shi ne ƙoli, inda ake ware ɗaya daga cikin uku ko fiye a ce ba wanda ya kai shi. Tsarin ya dace da Turanci, domin shi ma sifofinsa suna sauya siga a ƙarshen kalma.

Hausa ba haka take ba, kuma nan ne tushen matsalar. Mu ba ma taɓa sifa don gwaji. Dogo dogo ne, ko shi kaɗai ne ko cikin dubu. Aikatau muke kirawowa ya yi mana aikin, wato “fi”, mu ambaci wanda aka fi, sannan mu kawo sunan abin da aka yi fifikon a kansa: “Audu ya fi Bala tsawo.” In ƙoli muke so, ba abin da za mu sauya sai wanda aka fi: “Audu ya fi kowa tsawo,” ko a bakin Basakkwace, “Audu shi yah hi kowa tsawo.” Ashe bambancin mataki na biyu da na uku a Hausa yana ga yawan waɗanda aka tsere wa ne: Bala shi kaɗai, ko kowa da kowa. Daga wannan aikatau aka gina “mafi” da “mafiya” da “mafifici” da “fifiko”. Yana kuma da 'yan'uwan da sai Turanci ya yi dogon zance kafin ya fassara su: “ɗara” in ratar kaɗan ce, “kai” in an yi kunnen doki, “gaza” in ba a kai ba, “kere” in an yi nisan da ba a kamowa.

Ba mu kaɗai ke wannan hanya ba. Leon Stassen, wani masanin harsuna ɗan ƙasar Holan, ya fitar da littafi a 1985 bayan ya bi harsuna sama da ɗari ya ga yadda kowanne ke gwada abu da abu. Gwaji da aikatau mai ma'anar wucewa ya tarar da shi da yawa a Afirka kudu da Sahara, irin na Turanci kuwa, mai kalma ta musamman kamar “than”, a Turai ya fi taruwa. Bafulatani “ɓuri” yake cewa, Bayarabe “ju”, mai Turancin buroka kuma “pass”: “dis one big pass.”

Da wannan a hannu, kura-kuran ɗalibai sun daina ba da mamaki. Mai rubuta “he is tall than me” yana neman inda zai ajiye “fi” ne, ya ga “than” ya ɗora mata nauyin, ya bar “tall” yadda take domin a harshensa ba a taɓa sifa. Mai cewa “he senior me” ya mai da sifa aikatau, daidai da “ya girme ni”. Mai rubuta “the most tallest” kuwa ya fassara “mafi” da “most”, sannan ya tuna haddar firamare ya kawo “tallest”, bai san “-est” ɗin ita ce “mafi” ɗin ba. Wannan jimla guda, cewa “-er” da “-est” su ne “fi” da aka liƙa a ƙeyar kalma, da an faɗa wa yaro ita da Hausa tun a aji huɗu, da ta rage wa masu duba takardu jan biro mai yawa. Amma a makarantu da dama har yau ana ɗaukar shigo da Hausa cikin darasin Turanci aibi, har a ci tarar yaron da ya yi ta. Ban ga hikimar hana malami aiki da abin da ɗalibinsa ya riga ya sani ba.

Ga kuma wata taska da ba a taɓawa. Gwandu tana nan kusa, arewa da Tambuwal, a can Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna har ya rasu a 1829, bayan ya bar wa duniya Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu. Tambuwal kanta ribaɗi ce da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya riƙe. Ƙasar da ke da wannan gado ba ta cancanci a yi mata bayanin fifiko kamar ba ta taɓa jin sa ba. Duk almajirin da ya kai Alfiyyar Ibn Malik ya karanta babin af'alut tafdili, sigar da ke mai da “kabir” ta koma “akbar”, “hasan” ta koma “ahsan”. Wanda ma bai yi zurfi ba yana furta ta kullum: a kabbara, a Asma'ul Husna, a sunan Masallacin Aƙsa mai nufin mafi nisa, a sunan Kubura da muke raɗa wa 'ya'yanmu. Har Hausar kasuwa ta shiga. “Akasari” daga “aksar” take, mafi yawa. “Aƙalla” daga “aƙall”, mafi ƙaranci, kuma “at least” da muke fassarawa da ita, ita ma sigar ƙoli ce ta “little”.

Larabci yana tsakanin Hausa da Turanci a wannan babi. Yana sauya jikin kalma irin na Turanci, amma siga ɗaya ce ke ɗaukar mataki na biyu da na uku irin na Hausa: in “min” ta biyo, gwajin biyu ne, in aka sa alif da lam, ko aka jingina ta ga jam'i, an kai ƙoli. Kuma ba kowace kalma ce ke shiga awon “af'al” ba. In aikatau ya wuce harafi uku, ko ana zancen launi, sai a kawo “ashaddu” ko “aksaru” a gaba. Ɗalibin da ya gane dalilin da ya sa ake cewa “aksaru ijtihadan” ba zai sha wahalar gane dalilin “most beautiful” ba. Kalma ce ta yi tsawo, ta ƙi ɗaukar kaya, aka kawo mata mai taimako.

Ƙa'idar Turancin ita ce a ƙirga gaɓa. Mai gaɓa ɗaya tana karɓar “-est”: “tallest”, “cheapest”. Mai uku ko fiye tana neman “most”: “most expensive”. Rigimar tana ga masu gaɓa biyu. Waɗanda suka ƙare da “y” suna bin gajeru, “y” ɗin ta koma “i”: “happiest”, “easiest”. Masu ƙarewa da “-ful” ko “-ous” ko “-ing” suna bin dogaye: “most careful”, “most famous”. Akwai kuma 'yan tsakiya irin su “clever”, “simple”, “quiet” da “common”, waɗanda Turawan da kansu suke faɗa ta hanya biyu, duka kuma daidai ne. Malamin da ya soke wa yaro “most common” don shi “commonest” ya sani, ya zalunce shi. Wajen rubutu, gajeriyar kalma mai ƙarewa da baƙi ɗaya bayan wasali ɗaya tana ninka baƙin, “biggest”, “hottest”, ban da irin su “new” da “slow”.

Me ya sa harshe ɗaya yake da hanya biyu? Tarihi ne. “-est” ita ce ta gado, wadda Turanci ya taho da ita daga danginsa na Jamus. Har gobe Bajamushe yana liƙa irinta komai tsawon kalma. Hanyar “more” da “most” akwai ɓurɓushinta tun da, amma ta bunƙasa ne bayan mutanen Normandi na Faransa sun ci Ingila a 1066, lokacin da dogayen kalmomin Faransanci da Latin suka kwararo cikin harshen. An daɗe hanyoyin biyu suna cakuɗe, har ana haɗa su a wuri ɗaya don ƙarfafawa. Shakespeare ya yi haka a wasansa na Julius Caesar wajen 1599, ya sa “most” a gaban sifar da ta riga ta ɗauki “-est”. Masu rubuta nahawu na ƙarni na 18 ne suka haramta shi, fitaccensu Robert Lowth, wanda littafinsa ya fito a 1762. Wannan ba izini ba ne na a ci gaba da rubuta “most tallest”, domin Turancin da duniya ke aiki da shi yau ya bar salon, kuma daidai ne mai duba takarda ya soke shi. Amfanin tarihin shi ne ɗalibi ya san cewa kuren da yake yi hanya ce da masu harshen suka bi suka bari.

Su kuwa kangararrun da ake rerawa, “best” da “worst” da “least”, sai dai hadda. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, “last” taƙaitacciyar “latest” ce, “next” kuma tsohuwar sigar ƙoli ce ta “nigh”, wato kusa. Da zamani ya ja, kowace ta raba gari da 'yar'uwarta, a wannan rabuwar kuma ake ɗana wa ɗalibai tarko. “His latest book” shi ne wanda marubuci ya fitar kwanan nan, ana sa ran wani. “His last book” na iya nufin daga shi bai sake ba. “The nearest town” zancen nisa ne, “the next town” zancen jeri. “Eldest” ta 'yan gida ɗaya ce, ba a faɗa wa gari ko itace, sai “oldest”. Bature na buƙatarta ne saboda “brother” ba ta faɗi wa ya girmi wa, alhali a wurinmu wa da ƙane, ya da ƙanwa, ɗan fari da auta sun gama magana.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. Sigar ƙoli kusan kullum tana tafiya da “the”, domin “the” abu sananne guda take nunawa, wanda ya fi kowa kuwa ɗaya ne. Amma ɗaya a cikin su wa? Ba a zama mafi tsawo sai a cikin wani taro mai iyaka. Turanci yana shata iyakar da “in” in wuri ne ko ƙungiya, “the tallest boy in the class”. Da “of” in adadi ne ko lokaci, “the tallest of the three”, “the hottest month of the year”. Ko da jimla mai “ever”, “the best rice I have ever eaten”. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau a 1938 ya rasu a 1988, shekara 50 a kan gado. In aka ce shi ne “the longest-reigning Sultan of Sokoto”, magana ta cika, domin an faɗi abin da aka auna, wato shekarun sarauta, an faɗi waɗanda aka auna shi da su, kuma kowa na iya ɗaukar jerin sarakunan ya duba.

Sai dai Turanci yana barin mai magana ya yar da iyakar, jimla kuma ta tsaya da ƙafarta. “We are the best.” Nahawu bai karye ba, amma ba a ce komai ba. A nan Hausa ta fi tsanani. Gaskiya ne muna cewa “wannan ya fi”, amma sai in ɗayan yana gaban ido ko an riga an ambace shi. Ka tari dattijo a kasuwar Tambuwal haka kawai ka ce masa shinkafarka ta fi, zai ce maka, “Ta fi ta wa, ɗana? Kuma da me ta fi ta?” Dalili kuwa “fi” aikatau ne mai neman karɓau, kunnen Bahaushe kuma yana jin giɓin in an bar shi. Wannan kunne shi ne babban jarin ɗalibinmu, shi ya kamata darasi ya ƙarfafa. “Mafi” ce ke ba mu damar zamewa irin ta Bature, shi ya sa ta cika tallace-tallacen rediyo: mafi inganci, mafi sauƙi, mafi nagarta, ba a ce fiye da na wa ba.

Daga wannan batu na iyaka sauran ƙa'idojin suka tsiro, ko da yake a warwatse littattafai ke kawo su. In mutum biyu ne kacal, Turancin jarrabawa mataki na biyu yake so: “the taller of the two”. In aka ce “one of the best”, an ɗebo ɗaya ne daga rukunin na gaba-gaba, don haka sunan da zai biyo dole jam'i ne, “students”. Hausa ma “ɗaya daga cikin ɗalibai” take cewa. In aka bi hanyar Hausa sak, aka kai ƙoli da mataki na biyu, to a tuna da “other”: “Niger State is larger than any other state in Nigeria.” In aka cire ta, an sa Jihar Neja cikin waɗanda ta fi, ta fi kanta ke nan. Ana kuma sa lamba a nuna matsayi: Kogin Kwara shi ne “the third longest river in Africa”, bayan Nilu da Kwango.

Inda “the” ke faɗuwa ma akwai dalili. Tana faɗuwa in mallaka ta riga ta nuna abin, “my best friend”. Tana faɗuwa in da kansa ake gwada abu a lokuta daban-daban: “Tambuwal is hottest in April” na nufin a cikin watannin shekara zafin garin ya fi tsanani a Afrilu, ba a ce ya fi Jega ko Sakkwato zafi ba. “Most farmers” akasarin manoma ne. “A most careful farmer” kuwa manomi ne mai tsananin kula, babu gwaji a ciki sam. Aikin da muke yi da amsa-kama ke nan in mun ce fari fat ko baƙi ƙirin.

Wanda ke son ganin sigar ƙoli da aka cika wa sharuɗɗa, ya je Argungu. Bikin kamun kifin garin, wanda ya faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara aka shirya masa su, ya ginu a kan tambaya guda: kifin wa ya fi nauyi? Dubban masunta ne ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, amma ba da ido ake yanke hukunci ba, ko da ƙarfin kiɗa. Kan sikeli ake kai giwan ruwa a gaban jama'a. A bikin 2020 wanda ya ci ya kai kilo 78. An san taron da aka gwada, an san ranar, an san ma'aunin.

Da an bar bakin ruwa an shiga siyasa da kasuwanci, sai waɗannan abubuwa su fara ɓacewa. Wani lokaci ma'aunin ake jayayya a kai. Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, Legas miliyan 9 da 'yan kai, Kano ta zama “the most populous state”, gwamnatin Legas kuwa ta ƙi yarda da alƙaluman. Wani lokaci ranar ce ke wucewa a bar maganar a baki. A Afrilun 2014, bayan an sake lissafin tattalin arziki, Nijeriya ta zama “the largest economy in Africa”. Shekara 10 bayan haka, da darajar naira ta faɗi, alƙaluman Asusun Ba da Lamuni na Duniya na 2024 suka mai da ita bayan Afirka ta Kudu da Masar da Aljeriya, amma tsohuwar jimlar ba ta bar bakin masu jawabi ba. Wani lokaci kuma iyakar ake matsewa har abin ya shiga. Matatar Ɗangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ana kiranta “the largest single-train refinery in the world”, kuma haka ne. Amma “single-train” ɗin nan, wato mai layin tacewa guda, ita ce ke riƙe da gaskiyar, domin matatar Jamnagar ta Indiya ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Mai fassarar da ya yar da kalmar ya ce “matata mafi girma a duniya” ya mai da gaskiya ƙarya ba da niyya ba.

Ba ina cewa duk kambamawa ƙarya ce ba. Mun gaji kirari da waƙar fada, in makaɗi ya ce ubangidansa ba shi da na biyu, ba mai zuwa da sikeli, domin mai faɗa da mai ji duk sun san fagen da ake ciki. Haka in uwa ta ce ɗanta ya fi na kowa. Ɓarnar tana zuwa ne in aka ɗauko harshen kirari aka gabatar da shi da sunan rahoto: allon makarantar kuɗi mai cewa ita ce “the best in the North”, mai maganin da nasa ne “the most powerful”, ɗan takarar da kowane aikinsa “the biggest ever” ne. Akwai bambancin da littattafan nahawu ba su cika kula da shi ba. “Biggest” da “longest” da “cheapest” ana iya auna su da sikeli ko igiyar awo ko farashi. “Best” da “greatest” ra'ayi ne, sai an faɗi ta wace fuska. Shi ya sa mai talla ya fi son “best”, don ba a kama shi da ita. Yaron da ya fita sakandare bai iya rarrabe waɗannan biyu ba, an cuce shi a abin da ya fi jarrabawa muhimmanci, domin shi ne gobe zai sayi maganin, ya kai ɗansa makarantar, ya jefa ƙuri'ar.

Abin da nake roƙon malaman Turanci a Tambuwal da Kebbe ba ya buƙatar sabon littafi ko kuɗin gwamnati. A fara da Hausa: a tsayar da yara uku, a tambayi aji wa ya fi wa, a rubuta amsar a allo, a ja layi ƙarƙashin “fi” da ƙarƙashin wanda aka fi, sannan a nuna inda kowannensu ya koma a jimlar Turanci. A kawo farashin buhun gero da na dawa da na shinkafa na wannan mako, a kawo nisan Jega da Sakkwato da Birnin Kebbi daga gari, a sa su jera. Kada a karɓi jimlar ƙoli da ba a shata mata iyaka ba har sai ɗalibi ya saba. A manyan azuzuwa kuma a yanko tallace-tallace da kanun jarida, kowa ya nemo iyakar da aka ɓoye, ya faɗi ko ana iya auna maganar ko ba a iyawa.

Masu fassara labarai a gidajen rediyo su ma abin ya shafe su, domin ta bakinsu yawancin mutanen karkara ke jin abin da aka faɗa da Turanci. “One of the largest” ɗaya daga cikin manya ne, kada a ce mafi girma. “Most of the villages” akasarin ƙauyukan ne, kada a ce dukkansu. “At least twenty” na nufin ashirin ne ƙasa, ana iya fin haka. “At most twenty” na nufin ba a wuce ashirin ba. In ambaliya ta ci gonaki a fadamar Kebbe aka rubuta “the worst flood in ten years”, a faɗi shekara goman nan, domin manomin da ke saurare yana iya tuna wadda ta fi ta muni kafin lokacin, in kuwa aka ce masa “ambaliya mafi muni” kawai, zai san ba haka ba ne.